Wutar Wani Gari

Kifi goma sha ɗaya na ɗauko daga Belo Horizonte,
suna cikin leda, ledar a bokiti, bokitin a kan cinyata,
yini da dare a bas.
Ko ɗaya bai mutu ba.
Fitilar ce ta mutu.

Valdemar ya saye ta tun idonsa na zare allura,
doguwar farar sanda bisa murfin tanki.
Bakwai na safe yakan kunna ta kafin ya ɗora kofi,
wai kifi ma suna son gari ya waye musu.

Daren da na sauka gidan Neusa a Florianópolis
ban tambayi kowa ba.
Soket ai soket ne, rami biyu a bango.
Na tura fulogi.
Haske ya tashi fari fat, irin wanda ban taɓa gani ba,
ƙiftawar ido guda,
sai tas! sai ƙauri,
sai duhu daga falo har kicin.
Kifin suka shige bayan dutse.
Neusa daga wanka: Mama, me kika taɓa?

Da safe Arlindo ya shigo, maƙwabci, mai gyaran wuta,
fensir a kunne, gutsuren burodi a hannu.
Ya juya gawar fitilar, ya ɗora farce kan ƙananan lambobi.
Can garinku ɗari da ashirin da bakwai take sha, ya ce,
nan ɗari biyu da ashirin muke zubawa.
Kin ɗura wa kanari ruwan doki.

Na sha jin zancen.
Riƙe irin wannan aikin Valdemar ne,
ni nawa sanin wane kifi ne bai ci abinci ba.

Ya kwance soket ɗin, ya yi tsaki.
Waya biyu, robarsu ta tsattsage kamar diddige,
babu ta uku mai kai ɓatacciyar wuta ƙasa.
Gidan nan ya girmi 'yarki, Dona Zulmira,
ke kuma kullum hannunki a ruwa har gwiwar hannu.
Ya ja sabuwar waya ta bayan kabad,
ya sa makashi mai yanke wuta da kansa in ta yi yoyo,
ya lanƙwasa igiyar ta sauka ƙasa kafin ta hau soket,
don ɗigon da ya biyo ta ya faɗi a daɓe.
Bai karɓi kuɗi ba. Kofi ya sha, kofi biyu.

A kanti yaron ya jera min uku.
Ga irin tsohuwar sak, amma sai da tiransifoma,
baƙi, mai nauyin bulo, mai gurnani cikin dare.
Ga wata shuɗiya, ta mai da kifi kamar majinyata.
Ta ukun siririya ce, ba ta zafi,
akwatinta na karɓar wutar can da ta nan,
ya sauke ta sha biyu kafin ta kusanci ruwa.
Ya ce akwai babbarta.
Na ce tankina kamu uku ne,
haske in ya yi yawa gansakuka ke cin riba.

Na fito da tabarau.
Na karanta lambobin da kaina, sau biyu, a hankali,
layi ya taru a bayana, ban damu ba.

Haskenta bai kai na da ɗumi ba, gaskiya.
Jan cikin kifin ya ɗan fi fitowa,
ciyawar ta yi sabon ganye a sati na uku.
Tsohuwar tana saman kabad, naɗe cikin rigarsa mai layi-layi.
Neusa ta ce a yar. Na ce gobe.

Bakwai na safe nake kunnawa.
Su goma sha ɗaya suna tasowa,
ƙaramin nan mai yagaggen wutsiya kullum a baya.
Sannan in ɗora kofi.