Dubu Arba'in da Bakwai

Dubu arba'in da bakwai na ƙulle a leda,
kuɗin buga wa 'yan ajinmu takardu har asuba,
da na abincin rana da cikina ya yafe mini
zango biyu cur a Foli.
Na hau Napep daga Batagarawa, hannu dafe da aljihu
kamar mai ciwon kwiɓi.

Shagon Istifanus na wajen Ƙofar Ƙaura,
tsakanin mai faci da mai katifa.
Mutumin Kafur ne. Shekara ashirin ya yi yana kaɗa wa coci,
yanzu rediyo yake gyarawa, da fanka, da abin da ya samu.
Jita biyu na rataye a ƙusa.

Jar ce ta fara kirana.
Na ga fuskata a jikinta,
na ga har taron da ba a yi ba tukuna, ana tafi.
"Casa'in," in ji shi, "ba ragi."
Na haɗiye yawu, na ce ai launin ma ya cika ihu.

Ya yi dariya, ya sauko da baƙar,
mai tabon ƙuna a ƙugu, inda wani ya taɓa aje dutsen guga.
"Sada, ba a sayen jita don fenti.
Rufe ido ɗaya, dubi wuyanta
yadda magini ke duban katanga.
Ya miƙe? To, latsa nan.
In tsirkiya ta yi nisa da itace,
mako guda za ka jingine ta bayan ƙyaure."
Na latsa. Ta ciji yatsana,
ta yi kukan ƙofar da ta shekara ba mai.
"Wannan ba laifinta ba ne," in ji shi.

Muka ja, muka ja. Na fita har bakin kwalta, ya kira ni.
Talatin da biyu.

Saura amfilifaya.
Babban na kusurwa ya kawo mini ƙugu,
ban ma gaishe shi ba.
Istifanus ya jawo wani daga ƙarƙashin benci,
bai kai batirin mota ba,
maɓalli uku, ɗaya murfin man goge baki ne.
Yana jona shi ya hau gunaguni shi kaɗai
kamar tsohon da aka tasa daga barcin rana.
"Yaya girman ɗakinku?"
"Taku huɗu. Mu uku."
"To me za ka yi da wanda za a ji a Jibiya?
Daidai ruwa, daidai tsaki."
Sha uku. Waya ya ba ni gyara.

Mai Napep ya ce jita ma fasinja ce,
na biya mata kujera.

Rabe da Abashe na jira, har sun share tabarma.
Na jona, na gyara zama, na ɗaga hannu,
sai ɗif!
Taransifomar unguwa ta ƙone.

Kwana huɗu ina kaɗa ta haka nan, ba wuta,
sautinta bai fi na sauro a kunne ba.
Rabe ya mai da amfilifaya mazaunin buta.
Yatsuna suka yi bororo, suka fashe, suka yi kanta.
A cikin duhun na gane
inda ɗan ali zai zauna ba sai na duba ba.

Daren na biyar, wajen ƙarfe biyu,
wata 'yar fitila ja ta buɗe ido a kusurwa,
tsohon ya hau gunaguni.
Kowa na barci. Jarrabawa da safe.
Na sauke buta.
Na murɗa murfin man goge bakin
kaɗan, ɗan kaɗan, kamar mai satar suga,
na ja tsirkiya guda.

Ta fito da kauri, ta cika taku huɗun nan,
ta daɗe ba ta mutu ba.
Na riƙe numfashi, ina jiran zagi.

Rabe ya juya, bai ko yaye mayafi ba,
ya ce, "Ƙara kaɗan."