Rabin Laraba

Jajibirin tafiya, an ɗauke wuta a Tudun Jukun.
Na ajiye faifai kan tabarma, na jingina fitilar waya da buta,
na zazzage ledar asibitin Shika.
Ɗan farin nan na hawan jini ne, da safe kafin koko.
Mai tsaga a tsakiya rabi ake sha,
ga shi da taurin kai, wuƙa na taɓa shi sai ya yi tsalle.
Mai ruwan goro na gwiwa ne, ba ya shiga cikin da ba kowa.

Kwana tara ka ce za ka yi a Yola, Baba,
na ƙirga maka goma sha huɗu.
Na san Gwaggo Dudu, ba ta sallamar baƙo ranar da ya sa,
na san mota, takan gaji a inda babu ko mai shayi.

Na yagi tsohon littafin lissafin ɗana,
na ƙunshe kowace rana da sunanta.
Na safe na zana masa rana,
na dare jinjirin wata,
na azahar na rasa abin zanawa,
sai na zana kwano.

Ka kai takardar dab da hanci, ka yi dariya har da tari:
"Shekara talatin da ɗaya ina bayan taga a Wusasa,
ina tura ƙwaya biyar-biyar da gindin cokali,
ban taɓa zana wa kowa kwano ba, Uwale."
Na ce da ka zana, da sun gode.
Abin da ban ce ba:
yana ta sauko maka a ido kamar labule,
shekaranjiya da hantsi ka sha na dare.

Allurar sukari kuwa 'yar lele ce,
rana ba tata ba, ƙanƙara ma kada ta taɓa jikinta.
Na sa wa kwalbar safa, na kwantar da ita a fulas
gefen ƙanƙarar da na roƙo gidan Maman Bose.
Takardar likita na aljihu mai zif,
ko wani a shinge zai ga sirinji ya zaro ido.
Dabino uku a aljihun hagu, in jiki ya soma rawa.

Buhun masara ya hau sama, akwati ya shiga but,
amma wannan jakar, ko yaron mota ya rantse,
cinyarka ce kujerarta.

Da asuba a Kwangila, hayaƙi da ƙamshin ƙosai,
na rubuta wa direba lambata a bayan tikiti,
na maimaita masa har ya ce, "Hajiya, na ji."
Kai kuwa ka rungume jakar kamar jinjiri ran suna,
ka leƙo ta taga:
"Kin tuna ranar da na kai ki makarantar kwana,
na ƙulle miki maganin zazzaɓi a bakin zane?
Kin dawo da shi hutu, ko kwancewa ba ki yi ba."

Na koma gida, na ɗaga tabarma zan kakkaɓe,
sai ga shi, fari, ƙanƙane kamar tsakin shinkafa:
rabin ƙwaya.
Na wace rana? Gabana ya faɗi.
Sau huɗu na kira, layi na shiga daji yana fita.

Sai bayan Pambeguwa muryarka ta zo, iska na kaɗa ta:
"Na Laraba ne.
Tun kafin mu bar gari na bi su da yatsa, ƙunshi-ƙunshi,
na ara daga na goma sha huɗu na cike.
Ido ne ya yi ritaya, 'yar nan, ba yatsa ba.
Je ki karya."

Na sa rabin a murfin kwalba, can saman kanta,
inda hannun yara ba ya kai.
Yana nan yana jiranka, kamar ni.