Kwat Mara Launi

Hawa biyu ƙarƙashin dandamali nake aiki,
a gidan opera na Trieste, inda iskar teku
ke leƙowa ta kafar taga ta hargitsa mini zare.
Shekara talatin da ɗaya ina yi wa matattun sarakuna ɗinki.
Bana sai aka kawo mini fim.

Tsohon fim ne, baƙi da fari.
Mace ɗaya, tashar jirgin ƙasa, akwati ɗaure da igiya.
Jirgi ya tsaya, kowa ya sauko, ban da mijinta.
Ba ta ce uffan ba.
Na ƙirga da agogon hannuna: daƙiƙa arba'in da bakwai.
Sannan ta ɗaga kwalar kwat ɗinta, ta juya.

Tiziano, yaron da ya tsara kiɗan,
mai sumar da ba ta ga maciji da mataji,
ya ce, "Nives, wannan shirun zan mayar waƙa,
minti goma sha ɗaya, goge ashirin, ganga ɗaya can baya.
Ke kuma ɗinko mini kwat ɗin, sak."
Na ce, "Wane launi?"
Ya buɗe baki. Ya rufe.

A fim komai toka ne. Sama toka, bango toka,
har jan bakin matar toka.
Sau tara ina mai da hoton baya, ina ƙanƙance ido.
Allura cikin ruwa.

Ashe tana raye.
Ba ta ƙara fim ba, kifi ta yi ta sayarwa a Muggia
har gwiwa ta ce ta gaji.
Na bi jirgin ruwan safe da ƙyallaye cike da jaka.
Loredana ta buɗe ƙofa, ludayi a hannu,
ta bi ƙyallayena ɗaya ɗaya tana taɓe baki.
"Kore ne. Koren kwalba. Na yayata ne, aro na yi.
Akwai ƙunar taba a bakin aljihun hagu,
shi ya sa hannuna bai bar wurin ba."
Na ce, "Shirun fa? Masana sun ƙarar da tawada a kansa."
Ta yi dariya har da tari.
"Mantuwa na yi, 'yar nan. Layi biyu aka ba ni,
sanyi ya kwashe su, mai kyamara kuwa bai tsaya ba."

Ban gaya wa Tiziano ba.
Wa zai ce wa magini harsashinsa mantuwa ce?
Na yanka koren, na yi masa shafi, maɓalli shida.
Daren ƙarshe na ari sigarin mai gadi
na ƙona bakin aljihun da hannuna.

Ranar buɗewa na zaunar da ita kusa da ni, can sama, kujerun araha.
Labule ya tashi. Tasha ta katako, hayaƙi na inji.
Ondina ta cika ƙirji ta saki murya,
ta faɗi duk abin da matar ba ta faɗa ba:
sunan mijin, tsadar gawayi,
gadon da ya yi wa mutum ɗaya faɗi.
Muryar na hawa, tana hutawa, tana ƙara hawa,
kamar mai kai kaya bene na biyar.
Wani ƙato a gabanmu ya cire tabarau ya goge ido.

Loredana ta damƙi wuyan hannuna.
Leɓenta na motsi.
"Na tuna," in ji ta. "Layin farko:
Ashe can ma ana ruwa."
Na jira na biyun. Tafi ya rufe mu.

A bakin ƙofa tana ɗaura gyale ta ce,
"Yarinyar na da huhu, ba laifi.
Amma maɓalli biyar ne. Ɗaya ya faɗi a tashar,
yayata ta yi wata guda ba ta kula ni."

Na sauka hawa biyun nan, na kunna fitila.
Kwat ɗin na rataye, da sauran ɗumin jiki.
Na ɗauko almakashi.