Ajin Dare a Porto

Ranar Laraba, bayan an tashi daga kasuwar kifi,
mu tara ne a ɗakin da ke saman shagon tela.
Taga na kallon kogin Douro, ruwa na ƙwanƙwasa gilashi.
Ni ce malama, ni ce kuma autar ajin.
Littafin ya girmi kakata,
bangonsa ya yi laushi don yawan hannu.

Shafi na arba'in da ɗaya.
Yaro ya tsaya a ƙofar gidan burodi,
marubuci ya ce: ya ɗauka.
Na rubuta ɗauka a allo,
na ajiye sata a gefenta,
na ce, me ya hana shi ta biyun?

Custódio, da ya shekara talatin yana dako a tashar jirgin ruwa,
ya ce tausayi ne.
Sata ba ta tafiya sai da ɗan sanda a bayanta,
ɗauka kuwa hannu ne da abin da hannu ya tarar.
Telmo ya girgiza kai, ya ce wayo ne dai,
ya bar mana kalmar mu furta da bakinmu,
in da zunubi ya zauna a harshenmu.

Muka gangara kan takalmi.
Bai ce tsoho ba, bai ce yagagge ba,
takalmin yayansa kawai ya ce, ya wuce.
Sai ka kai shafi na sittin
ka gane yayan ya daina bukatar takalmi.
Ajin ya yi tsit.
Wani ya ja kujera don ya samu abin yi.

Akwai wata 'yar kalma, kuma.
Miyar kabeji kuma. Mai haya ya zo kuma.
Sau goma sha bakwai na ƙirga a babi ɗaya.
Na ce musu talauci ba ya ihu a littafin nan,
maimaita kansa yake yi.
Na ji daɗin maganata, har na so in sake ta.

Sai Graciete ta ɗaga hannu.
Shekara saba'in da huɗu, ƙayar kifi ta gama zane yatsunta,
sai da ta haura sittin ta san baƙi a takarda,
tun farkon zango ba ta ce uffan ba.
Ta ɗora yatsa ƙarƙashin layi:
yunwa ta cije shi.
Ta ce, nan wurin, da cikinsa cike ya rubuta.

Cizo na kare ne, malama,
ka yi kururuwa, mutane su zo.
Yunwa barci take sa yaro da rana tsaka,
ta sa ya ƙi wasa,
ta sa ya ji ƙarar cokali daga gida na uku.
Uwata kan ɗora tukunya, ruwa zalla,
don maƙwabta su ga hayaƙi.
Mu shida mu zauna muna kallon murfi,
duk mun sani, ba mai faɗa.
Ina wannan a cikin littafin?

Shafi uku na shirya a kan wannan cizon,
yadda aka ba yunwa haƙora, da hikimar da ke ciki.
Na ninke takardar, na tura ta aljihu.
Na ce, ke wace kalma za ki sa?

Ta daɗe tana kallon allo.
Ta ce, ba ni da ita.
Nemanta ne ya hau da ni benen nan
da waɗannan gwiwoyin.

Ƙararrawar coci ta buga tara.
Kwafi ɗaya gare mu, na ɗakin karatu ne,
doka ta ce ba ya kwana a waje.
Na juya baya ina goge allo,
na goge sata, na daɗe ina goge wuri ɗaya.
Da na waiwayo tebur ba komai,
Graciete na sauka a hankali, hannu ɗaya a bango,
ɗayan dafe da ƙirjin rigar sanyinta.
Telmo ya dube ni, ya dubi abin da ya rage a allo.
Bai furta ba.