Minti Huɗu

Ni ba na tuƙi.
Bastian ke tuƙi, da yatsu biyu da taurin kai.
Maite ce ta koya wa jirgin bambanta ja da fari.
Nawa rabon littafi ne mai bangon leda
da biro ɗaure da zare don kada ya yi ƙafa.

Wata shida ina ƙirga:
farfela sha shida, noti ɗari biyu da arba'in,
ƙaramar sifana da kowa ke ara ba ya maidowa,
takardar izinin tashi
da ta yi mako bakwai a teburin wani mutum a Santiago
har na haddace sunan 'yarsa.

A filin jirgi aka ce batir ba zai hau ba.
Abin da muka ƙera don tashi, shi aka hana tashi.
Sai mota. Daga Valdivia, inda ruwan sama ba ya gajiya,
zuwa arewa, inda ƙasa ta manta ɗanɗanonsa,
batura takwas a akwatin ƙarfe ƙarƙashin ƙafata,
ina taɓa su cikin dare kamar mai jinyar yaro.

Akwai abin da ban sa a rahoto ba.
Gefen filin gasar akwai wata dattijuwa, Ercilia,
mai sayar da cukun awaki.
Na samo lambarta, kullum sai in kira:
Yau ƙarfe nawa shanyarki ta fara rawa?
Ta ce sha ɗaya. Gobe ta ce da kwata.
Wata guda cur tana duba mini igiya,
ba ta taɓa tambayar dalili ba,
sai dai ta ce in ci abinci, muryata ta rame.

Da aka jefa ƙuri'a, biyu na rana ta faɗo mana,
lokacin da iska ke cin kasuwarta.
Farfesa Oyarzun ya goge tabarau, ya sake gogewa.
Na zaga bayan tanti wurin 'yan Antofagasta,
waɗanda farfelarsu ta kakkarye tun a gwaji.
Na gaya musu batun iskar, suka yi dariya:
a cikinta suka koyi tashi, sammako ne ba sa so.
Na ba su shida, suka ba ni bakwai na safe.
Alƙalai suka sa hannu, ciniki ya faɗa.

Daren nan na gano abin da na manta.
Na kama wa kowa gado, ban ƙirga kaina ba.
A kujera na kwana, kai bisa kwalin caja.

Bakwai na safe, iska na barci.
Jirgin ya tashi, ya ratsa ƙofa uku,
ya sauke ƙunshinsa taku biyu daga tsakiyar jar da'ira.
Haka aka ba ni labari.
Ni idona na kan agogo da bokitin yashi,
ko wuta za ta ce ga ta nan.
Minti huɗu da daƙiƙa tara.
Wata shida ya ƙone kamar tsinken ashana.

Na uku muka zo. Aka ɗaga Bastian sama,
hoto ya kama kafaɗata kawai.
Ban damu ba.
To, na ɗan damu.

Kafin mota ta tashi na je wurin Ercilia.
Gajeruwa ce, muryarta ta fi ta tsawo.
Ta nuna mini igiyar: riga biyu da tawul,
sun fara kaɗawa. Na duba agogo,
sha ɗaya da minti biyar.
Na sayi cuku, na karɓi rasit,
na zauna kan dutse na ƙirga noti.
Ɗari biyu da talatin da tara.
Ɗaya na can cikin rairayi, ya zama ɗan gari.

Na buɗe sabon shafi na rubuta:
baɗi, gado sha ɗaya.