Mai Laushi

Wai sunanta ƙwallo mai laushi.
Wanda ya raɗa mata wannan suna
bai taɓa zama kan kifaffen bokiti ba
a bayan gida, a garin Stillwater,
yana tare jifar Rumasa'u.

Ni na zauna, ga shaida a hannuna.
Tana 'yar sha huɗu na ce, jefo mu gani.
Na ajiye safar fata, na miƙa dama tsirara,
don a zatona jifar mace
ba ta wuce korar kaza daga shanya ba.
Shekara shida ke nan ina tahiya
da yatsa mai kallon gefe.

Yau Asabar, filin jami'a.
An yayyafa wa jar ƙasa ruwa,
an lailaye ta kamar sabon daɓe.
Layin tikiti ya kai bakin titi.
Delbert, da muke faci tare a shagon taya,
shi da ya ce mini ran Litinin,
"Wasan 'yan mata? Sai dai in wuta ta ɗauke,"
ga shi can da jikarsa a wuya
yana ɓoye mini fuska da hula.

Tsohuwar da ke gefena
fensir ne a hannunta da littafi mai kunnuwa.
Kowace jifa sai ta ɗiga mata alama.
Ta ce, "A zamaninmu 'yan kallo sha ɗaya ne,
in ka lissafa da karen mai shara."

Sai ga 'yata cikin da'irar alli.
Ta tofa a tafi, ta goge a cinya,
cinyar da na san tambarin da ke jikinta,
shuɗi da kore, har da sawun ɗinkin ƙwallo.
Hannu ya kewaya, majajjawa,
ƙafa ta ja ƙasa,
abu rawaya kamar ɗanyen lemo
ya taho ƙasa-ƙasa, ya canja shawara, ya tashi.
Fas!
Mai sanda ta doki iska.
Allo ya ce sittin da bakwai.
Katakon da muke zaune ya hau rawa.

Wani daga baya, da kyakkyawar niyya,
ya ce, "Kai, tana jifa kamar namiji!"
Na juya. Maza biyu gare ni a gida,
ba wanda zai sami ƙofar gareji daga taku goma.
Na buɗe baki, Turanci ya gudu ya bar ni.
Tsohuwa, ko ɗaga kai ba ta yi ba,
ta ce, "Wane namijin? Kawo shi."

Zagaye na bakwai, saura jifa ɗaya.
Wata gajera daga Texas,
kafaɗu kamar mai dakan haya,
ta tsaya, ta jira, ta karanta ta.
Ƙarar ba irin ta ɗazu ba ce.
Na bi ƙwallon da ido har bayan shinge
inda yara suka yi mata rubdugu.
An ci mu.
Na tsinci kaina a tsaye ina tafa wa 'yar wani.

A bakin waya 'yan mata ƙanana sun jeru,
kumatu da fenti, kowa da ƙwallo da biro.
Rumasa'u, ido jawur,
ta rubuta musu sunan duka, ba ta gutsure ba,
har da ɗan waƙafin da ke rataye a sama.

A mota, ƙanƙara ɗaure a kafaɗarta.
Ba ta magana, ban yi ba.
Waya ta yi ƙara, yayana ne daga Gusau:
"Har yanzu tana wannan wasan yaran?"
Na dubi yatsana a kan sitiyari.
Na ce, "Yaya, in ka zo, akwai bokiti."