Baƙin Magarya

Na tashi aikin dare, dugadugai na zogi,
warin asibiti bai bar rigata ba.
Maimakon ɗaki sai na ratse
lambun nan na bayan gidan mai,
inda darbejiya bakwai da magarya ɗaya
ke shan ruwan tiyo a zafin Jidda.

Madubin hangen nesan na Dakta Mudassir ne.
Ya bar mini shi ran da ya tattara kayansa,
ido ɗaya a tsage, ɗayan garau.
Ya ce, "Inuwa, in Satumba ta kama
ka sa wa magaryar nan ido.
Kada ka nemi launi. Motsi za ka nema."

Mako biyu ganye nake gani.
Ganye, da ledar da iska ta rataye,
da hankakin bakin teku masu bakin tsiya.
Shafiƙul mai ban ruwa ya ɗauka ɗan rahoto ne ni,
sai da na miƙa masa ya leƙa,
ya hango ladan yana hamma a tsallaken titi,
ya yi dariya har tiyo ya kuɓuce masa.

Sai yau.
Wani ganye ya bar reshe, ya ƙi faɗowa.
Ya koma sama.
Na riƙe numfashi kamar mai zura zare a allura.

Ba ta fi tsawon yatsana ba.
Baya ruwan ƙasa, ciki fari-fari,
ga siririn zane bisa ido
kamar wadda ta sa kwalli cikin gaggawa.
Larabawa na ce mata dukkala, don shige-shigenta.
Na zazzage Hausar da na zo da ita daga Gumel,
ban samo mata suna ba.

Ba ta waƙa.
Dakta ya ce can ta baro waƙar,
ƙasar da ruwa ke zama dutse.
Nan sai tak, tak,
irin na matafiyi mai ƙirga ragowar guzuri.
Ya ce da dare suke tafiya.
Ashe abokan aiki ne.

Ido ya buɗe, sai ga su:
ɗaya mai baƙar tagiya, ta kusa da shi da ja,
biyu na tsince ƙwari a bayan ganye,
wata ta sauko inda tiyo ke yoyo
tana sha, tana ɗaga kai, tana sha.

Ban ga kyanwar ba.
Mai kunne ɗaya ce, ta ƙarƙashin benci.
Na jefa takalmi, na kuskure,
amma ta saki abin da ta ɗauka.

Na sa ta a tafin hannu.
Nauyin dabino ɗaya, wallahi, bai fi ba.
Da wannan ta ƙetare sahara?
Zuciya na bugun fatata, da sauri, da sauri,
irin bugun da na sani a ɗakin jarirai,
sannan ya daina.

Shafiƙul ya tona rami da cokalin gininsa.
Ba mu da yare ɗaya da ya isa ta'aziyya.
Ya ɗauko roba zai ɗaure yoyon,
ya dubi magarya,
ya mayar da ita aljihu.

Yamma da mu teku ne.
In rana ta faɗi, sa'ad da nake tura gadon mara lafiya,
sauran za su tashi ba sallama,
ba wanda zai tambaye su igama.
Na aika wa Lawisa murya a waya:
ki riƙa duba magaryar bayan gida,
wa ya sani.

Na buɗe littafi, na rubuta shida.
Na soke, na sa biyar.
Na daɗe biro na rataye a hannu.
Na sake sokewa.
Ai ta zo.